Ƙarshen Damina A Rumuokoro

A ƙasar Hausa, da zarar watan Satumba ya raba tsakiya kowa ya san damina ta yi haramar tafiya. Gero ya nuna, yara sun fara tumu, hadari kuwa sai ya taso da rugugi kamar zai tsaga ƙasa, sa'an nan iska ta kwashe shi ba tare da ɗigo ba. Amma a Fatakwal, babban birnin Jihar Ribas, wanda ke da nisan fiye da kilomita 1,000 daga Kano, watan Satumba yana cikin watannin da ruwa ya fi tsananta. Ruwan da ke sauka can a shekara ya wuce milimita 2,000, watau ninki biyu da ɗoriya na abin da Kano ke samu, kuma ba ya sassautawa sosai sai cikin Nuwamba. Saboda haka Bahaushen da ke zaune a garin yana lissafi da lokaci biyu. Rufin ɗakinsa yana gaya masa marka ake ciki, buhunan da ake saukewa a tasha kuwa suna gaya masa kaka ta shigo a gida.

Babu inda lokutan nan biyu ke haɗuwa kamar Rumuokoro, wata babbar mararraba a arewacin birnin, cikin Ƙaramar Hukumar Obio-Akpor. Ƙasar Ikwerre ce, kuma a harshensu kalmar rumu tana nufin zuriya, shi ya sa baƙo zai ga unguwanni da yawa sun fara da ita. Daga nan hanya ta yi kudu ta bi Titin Ikwerre zuwa kasuwannin Mil Uku da Mil Ɗaya a Diobu. Wata ta yi yamma zuwa Choba, inda Jami'ar Fatakwal take, ta zarce Bayelsa da Warri. Wata ta yi gabas zuwa Eleme da ƙasar Ogoni. Ta huɗu ta yi arewa, ta wuce filin jirgin sama na Omagwa, ta nufi Owerri da Anacha. A da cunkoson motocin wurin abin ba da labari ne, har aka gina gadar sama wadda aka buɗe a 2021. A ƙarƙashinta da kewayenta akwai tashoshin mota da 'yan kamasho da masu talla, ga kasuwa da mayanka, ga kuma Kwalejin Gwamnatin Tarayya wadda aka kafa tun 1973.

Zaman Hausawa a wannan yanki ba na jiya ba ne. Turawan mulkin mallaka sun kafa Fatakwal a 1912 domin fitar da kwal ɗin da aka gano a Inugu a 1909, suka sa mata sunan Lewis Harcourt, sakataren kula da ƙasashen da Ingila ke mulka a lokacin. Jirgin ƙasa ya haɗa garuruwan biyu a 1916, da aka gama gadar Makurɗi a 1932 kuwa sai hanya ta miƙe har Arewa, fatake da masu shanu suka biyo ta. Zama ya yi daɗi har wani Bafulatanin ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama Magajin Garin Inugu na farko. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun tarwatsa wannan zama, amma bayan da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970 sai mutane suka riƙa komowa sannu a hankali, domin ciniki ba ya son gaba.

A wani layi da ke bayan mararrabar, cikin gidan haya mai ɗaki shida da famfo ɗaya, akwai wani magidanci mutumin ƙasar Katsina da matarsa. Sana'arsa sayar da albasa da busasshen barkono, kuma ya haura shekara ashirin a garin. Manyan 'ya'yansu biyu suna gida wajen kakanninsu suna karatu, autar ce kaɗai ke tare da su. A farkon daminar da ake magana, wani abokin cinikinsa ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumfa, ɓarin jikinsa ya shanye, sai da 'yan kasuwa suka yi karo-karo aka ɗauki shatar mota aka mai da shi gida. Bayan mako guda uwargida ta matsa wa maigida ya je a auna shi. Awo ya nuna jininsa ya haye 140 bisa 90 da nisa, wanda shi ne mizanin da likitoci ke kira hawan jini. Likita ya ba shi magani, ya kuma ce ya rage gishiri da mai, ya rage tumbi, ya riƙa motsa jiki.

Da suka komo gida maigida ya so ya mai da abin wasa, ya ce ai ciwo da magani duk na Allah ne. Uwargida ta ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma in ka faɗi a garin nan, ni da wa za mu ɗauke ka zuwa Katsina?" Bai ba ta amsa ba, amma washegari da ta zuba masa tuwo malmala ɗaya maimakon biyu, bai ce a ƙaro ba.

Tukunyar Gida

Wanda bai zauna Kudu ba, ba zai san wahalar riƙe tukunyar Arewa a ƙasar laima ba. Garin dawa da zai yi wata biyu a Katsina lafiya lau, a nan kwana kaɗan ya isa ya dunƙule ya yi fumfuna. Kuka tana canza launi, busasshiyar kuɓewa tana yin laushi, daddawa tana tsatsafo da ruwa, gishiri kansa narkewa yake yi a cikin kwano. Don haka uwargida ba ta kai niƙan da ya wuce na mako guda. Kuka da kuɓewa da yaji kuwa cikin gorunan roba masu murfi take ɗura su, ta jera kusa da murhu inda ɗumi ke kai musu. Ranar da rana ta leƙo, ko da ta sa'a biyu ce, sai tsakar gida ta cika da faifai da tire, kowace mace tana shanya, ido ɗaya a kan kaya ɗaya a sama.

Kusan duk abin da ke cikin gorunan nan mota ce ta kawo shi. Hatsi daga kasuwar Dawanau ta Kano, albasa daga Aliero da ƙasar Sakkwato, tumatir daga Kadawa da Kwanar Gafan, shanu daga Potiskum da Maigatari, doya daga Zaki Biam. Wasu motocin suna bi ta Lafiya da Makurɗi da Inugu da Aba, wasu ta Lakwaja da Asaba, su haye Kwara a gadar Anacha, su biyo ta Owerri su faɗo Rumuokoro kai tsaye. In za su koma sai su yi lodin manja da garin rogo da kwakwa. Kowa ya ga muhimmancin wannan zirga-zirga a ƙarshen Fabrairun 2021, sa'ad da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda. Tumatir da albasa suka yi tashin gwauron zabo a kasuwannin Kudu, a Arewa kuwa suka riƙa ruɓewa a hannun manoma. Asara ta ci kowane ɓangare.

Ƙarshen damina lokacin tsadar tumatir ne, domin na noman rani bai iso ba tukuna, don haka sai a koma ga kauɗa. Amma abin da ya fi damun uwargida a wannan karo shi ne yadda za a rage gishiri ba tare da miya ta yi lami ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma wannan lissafi ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen miya da burodi da yajin tsire. Kanwa ma da ake jefawa a wake da ɗanwake tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri. Sai ta rage dunƙule daga huɗu zuwa ɗaya, ta ƙara daddawa da citta da masoro da tafarnuwa. Mai kuwa ta daina tsiyaya shi daga galan, ta koma aunawa da cokali.

Sauran dabarar daga maƙwabciyarta ta samo ta, wata 'yar Ikwerre da suke ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Ita ta nuna mata cewa busasshen jatan lande, in an daka shi an barbaɗa, yana ba miya ɗanɗanon da ba a neman ƙarin gishiri. Ita ta koya mata yanka ganyen ugu da zuba shi a ƙarshe don kada ya dahu ya mutu, ga shi da araha a lokacin da zogale da alayyahu ke wuyar samu. Yau a gidan akan ci tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji jatan lande da busasshen kifin teku, abin da uwar maigida ba ta taɓa dafawa ba. Uwargida kuma ta biya bashi da koya wa maƙwabciyar kunun gyaɗa da waina, har 'ya'yan matar sukan tsaya a bakin ƙofa da kofi in sun ji ƙamshi.

Cin Abinci A Waje

Ɗan kasuwa a bariki ya fi cin abinci a waje fiye da gida, sai dai shi kaɗai yake ci. Da safe maigida yana teburin mai shayi, a haɗa masa mai kauri da madara da sukari, da burodi da wainar ƙwai. Da rana shinkafa da mai a rumfar mai abinci. Da dare, kafin ya shiga gida, ya tsaya wajen mai tsire a naɗe masa na ɗari biyar, sa'an nan ya tarad da tuwo. Da suka zauna suka yi lissafi sai suka ga rabin gishirin da ke shiga jikinsa ba daga tukunyar uwargida yake fitowa ba. Suka yanke shawara zai riƙa karyawa a gida da koko ko kunun tsamiya, a zuba masa na rana a kula, tsire kuma ya zama na ranar Jumma'a. Kuɗin da aka tsimi da wannan, sau ɗaya a wata, ranar Lahadi da yamma sa'ad da kasuwa ta yi sanyi, sai su fita tare su ci abincin gari.

Abincin da Fatakwal ta yi suna da shi ana kiransa bole. Agade ce ake ɓarewa a gasa a kan waya bisa garwashi, wani lokaci da doya, a haɗa da gasasshen kifi da miyar manja mai barkono da albasa. Mata ne suka fi sayar da shi a bakin titi, kuma mutanen garin suna ji da shi har tun 2016 suke yi masa biki na musamman. Ga Musulmi baƙo, kifi yana raba gardama, domin ba a tambayar wa ya yanka. Nama kuwa ba sa saye sai wajen mahaucin da suka sani a mayanka. Haka kuma sukan zaɓi rumfar da ba a sayar da giya, su zauna daga ciki, su roƙi mai abinci ta rage manja.

Ranar farko uwargida ta ci bole ba musu. Amma da aka kawo miyar masunta, wadda ake yi da ɗanyen kifi da ƙaguwa da jatan lande da wasu ƙananan dodon koɗi na bakin ruwa da ake tsotsa, sai ta janye hannu ta ce, "Malam, wannan kuma ai sai ku." Maigida ya yi dariya ya ce, "Haba uwargida, ai malamai sun ce a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa cikin teku halal ne." Ta ce halal daban, so daban. Sai a fita ta uku ta ɗanɗana romon, har yau kuwa ba ta yarda da tsotson ba.

Shi maigida ya riga ta sabawa da abincin mutane, domin yakan bi mota zuwa Anacha da Inugu in kaya sun maƙale a hanya. A garuruwan Igbo irin su Owerri da Inugu ana kiran unguwar Hausawa Ama Hausa, kuma duk inda take za a sami masallaci da mai shayi da mai tuwo da masu canji, ta yadda baƙo zai iya shekara bai ɗanɗana abincin masu gari ba. A mararrabar Mil Tara da ke kusa da Inugu ne yunwa ta sa ya fara sayen okpa, wani abu mai kama da alala da ake naɗewa a ganye. Da ya tambaya da me ake yi, sai aka nuna masa gurjiya, irin wadda yake ci dafaffiya tun yana yaro, wadda kuma ake lodinta daga Arewa. Tun ran nan ya rage ƙyamar abin da bai sani ba.

Sassarfar Asuba

Rage gishiri a cikin ɗaki ake yinsa, ba mai gani. Gudu kuwa a titi ake yi. Abu na farko da maigida ya yi tunani shi ne, baƙon da aka gani yana gudu da duku-duku a unguwar da ba tasa ba, kafin ya yi bayani an yi masa ihun ɓarawo. Don haka ya sayi kambas da riga da wandon motsa jiki a gwanjo, ya gaya wa masu gadin layi abin da yake ciki, kuma ba ya fita sai ya dawo daga sallar asuba gari ya fara wayewa. A makon farko ko zagaye ɗaya na layin bai iya kammalawa ba sai da ya dafa bango. Likita ya riga ya gargaɗe shi da ya fara da tafiya mai sauri, ya riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, har ya kai minti 150 a mako, watau rabin sa'a sau biyar, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

Ruwa ma bai bar shi ya huta ba. Lambatu kan cika ya tumbatsa, wajen Nkpolu hanya kan koma kamar rafi, motoci suna watsa wa mai tafiya taɓo. Ranar da aka wayi gari da ruwa sai ya yi ta kai da komo a barandar gida, yara suna leƙe suna dariya. Ranar Asabar kuwa ba ya jin kaɗaici, domin ma'aikata da ɗalibai maza da mata suna fitowa da yawa, wani lokaci har a ci karo da sojojin barikin Bori suna sassarfa suna waƙa.

Fitowar uwargida ita ce ta jawo magana. Ita ma ƙafafunta sun fara nauyi saboda zaman ɗaki, malamar asibiti kuma ta ce tafiya za ta yi mata amfani. Da aka fara ganinta da asuba cikin dogon hijabi da kambas tana bin bayan mijinta, sai gulma ta tashi a unguwa, ana cewa zaman Kudu ya ɓata su. Maganar ta kai har majalisar bakin masallaci. Wani dattijo mai karatu ne ya kashe ta, ya tuna wa jama'a cewa ya tabbata a hadisi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Ba a ce kowa ya gamsu ba, amma kafin damina ta ƙare wasu mata biyu sun fara biyo ta, su uku suna tafiya a baya, maigida yana sassarfa a gaba. Wani lokaci, in da hali, sukan hau mota zuwa wurin shaƙatawa na Pleasure Park da aka buɗe a Titin Aba a 2017, su zagaya tare da autarsu ba fargabar mota.

Ɗaukewar ruwa tana zuwa da sauƙi, tana kuma zuwa da nata tsoro. Tun daga ƙarshen 2016 mutanen Fatakwal suka fara wayar gari suna ganin wata baƙar toka kamar kunkunniya a kan motoci da tufafi da tafin ƙafar yara, har cikin hanci. An danganta ta musamman ga masu dafa ɗanyen man sata a cikin surƙuƙin bakin ruwa, da kuma ƙona kayansu da akan yi in an kama. Ta fi yawa da rani da sassafe, daidai lokacin da mai gudu ke buɗe ƙirji yana zuƙar iska. A Janairun 2022 gwamnan jihar na lokacin, Nyesom Wike, ya ba da umurnin a farauci wuraren dafa man, aka kuwa sami sauƙi. Duk da haka wanda ya ga shekarun nan ba ya sakin jiki. Uwargida tana da nata ma'auni: takan bar farin ƙyalle a kan igiya da dare, in ta duba da asuba ta ga ya yi dabbare-dabbare, ranar a baranda za a yi tafiya.

A makon ƙarshe na Oktoba wani direba ɗan garinsu ya sauke musu saƙo daga gida, rabin buhun sabon gero da ƙullin sabuwar kuka da gyaɗa tiya biyu, da gaisuwar tsofaffi. A makon ne kuma maigida ya koma awo. Jini ya sauko, ko da yake bai kai inda ake so ba, likita ya ce kada ya kuskura ya bar magani don ya ga sauƙi. Wandon da ya ɗinka da ƙaramar salla ya fara neman a rage masa ƙugu.

Da daddare uwargida ta dama fura da sabon geron, ba ta sa sukari ba, ta aika wa maƙwabciyarta kofi guda. Ana cikin sha sai ruwa ya sake kecewa a kan kwano kamar ba a taɓa yi ba. Maigida ya saurara, ya ce a Katsina yanzu an fara neman bargo. Uwargida ta tashi ta shigo da kambas ɗinsu daga bakin ƙofa, ta jingine su kusa da murhu tare da gorunan kuka, domin su bushe kafin asuba.

Allah Ya ƙara wa masu neman halal a nesa da gida lafiya, Ya mai da kowa ga iyalinsa da ƙafafunsa, amin.